Ranar da Iska Ta Yi Mini Shara

Kwanakin baya na bi ta wani gida a Kura da za a yi wa sabon fenti, na tarar da samari biyu sun jona injin nan na wankin mota suna feshe bango. Tsohon fenti na tashi kamar ana figar kaza, yana zuba a kwata. Ɗaya na riƙe da bakin tiyo, ɗaya na ɗaukarsa hoto a waya. Na tsaya na ce, "Samari, ina shimfiɗarku?"

Suka dubi juna. Mai wayar ya ce, "Baba, ai ba barci muka zo yi ba."

Suka bushe da dariya, ni ma na taya su, don amsar ta yi daɗi. Sai dai ku da kuke ganin sana'ar fenti ba ta wuce a tsoma buroshi a shafa ba, ku ara mini kunnenku. Wannan wayon na wanke bango da inji da kuke ji da shi, ni Ado na fara shi a yankinmu tun ba a haife ku ba, kuma ni na fara ɗanɗana kuɗarsa.

A Bunkure na koyi aiki, a hannun Malam Habu Mai Fenti. Shekara uku na yi a wurinsa, ta farkon ko buroshi bai bari na taɓa ba. Kayan aikina su ne makankari da ya ƙera da guntun tsohon zarto, da buroshin waya, da sanfefa, da tsintsiya, da fartanya, da buhunan algarara da aka farke aka ɗinke su jere. Kowane gida muka je, kafin a jingina tsani sai na shimfiɗa buhunan a gindin bango na danne su da duwatsu. A kankare tsohon fenti ya zuba a kai. In an tashi, in naɗe buhunan ta ciki, in je nesa da rijiya, nesa da kanal, in haƙa rami in juye ɓawon fentin, in rufe in tattake. Malam Habu na tsaye yana kallo, in ya ga ɓarɓashi ɗaya a ƙasa sai ya nuna shi da babban yatsan ƙafarsa.

Maganarsa kullum ita ce, "Ba a bango ake gane mai fenti ba, a gindin bango ake gane shi." Wata rana na tambaye shi dalilin wannan wahala. Ya ce yana saurayi ya taɓa barin ɓawon fentin mai a tsakar gidan wani mutum, kaji suka tsattsaga, bayan kwana biyu suka fara juyi a wuri ɗaya suna faɗuwa. Ya ce an ce akwai dalma a cikin irin fentin. Na ce to, a raina kuwa na ce tsoho ne kawai da ba ya son ya ga mutum a zaune.

Na fara cin gashin kaina a lokaci mai kyau. Ruwan kanal ya zauna, noman rani ya kankama, mutumin da a da yake tafiya ci-rani ya wayi gari yana sayar da alkama da tumatir da albasa. Da kuɗi sun shigo, abu na farko rediyo, na biyu babur, na uku gidan siminti, gidan siminti kuwa sai da fenti, kuma launin da za a hango daga titi. Ruwan da ya kawo arzikin shi ne ya riƙa ba mu aiki, don ƙasa ta jiƙa, danshi na hawa bango daga ƙasa, shekara biyu fenti ya kumbura ya fara ɓarewa. Masu gida kuwa duk bakinsu ɗaya: "Kai dai shafa a kai." In ka ce sai an kankare, a ce kana neman ƙarin kwana. In ka shafa a kai ya ɓare da damina, a ce ba ka iya ba. Ban taɓa haɗuwa da mai gidan da ya yarda bangonsa ne ke da laifi ba.

Sai ga wata shekara a tsakiyar shekarun tamanin da komai ya tsaya. Fenti ya yi wuya, in ka same shi ma ya yi tsada. Tumatir kuma ya zo gaba ɗaya ya yi kwantai, kwanduna jere a bakin titin Kadawa suna zubar da ruwa, babu mai tayawa. Manomin da tumatirinsa ke ruɓewa ba ya tuna launin bangonsa. Na yi wata biyu buroshina na jiƙe a kananzir.

Mutum ɗaya ce shekarar ta yi wa daɗi a ƙauyenmu, Iya Tabawa. Dattijuwa ce, mijinta ya daɗe da rasuwa, sana'arta kauɗa, wato ta sayi tumatir lokacin da ya yi araha, ta yanka, ta shanya, ta adana sai damina lokacin da ɗanye ya ɓace. Kowa na kauɗa, amma yawanci a gefen titi ake bazawa, yashi ya shiga, akuya ta bi ta kai. Ita kuwa fili ta samu ta yi masa daɓe, kullum sai ta share shi sau biyu kafin ta baza. Akwai wata Hajiya mai gidan abinci a birni da ke zuwa da mota duk farkon damina ta kwashe kauɗar Iya gaba ɗaya, shekara da shekaru, ko bakin buhu ba ta kwancewa ta duba. Da wannan ciniki ɗaya Iya ke ci daga shekara zuwa shekara. A shekarar kwantai ta zuba duk abin da ta mallaka a tumatir, ɗakin ajiyarta ya cika har ƙofa. Filin shanyar nata yana bayan gidan Alhaji Ɗanlami mai injin shinkafa, taku ashirin tsakaninsa da bangon.

Alhaji Ɗanlami shi ya aiko a kira ni. Gidansa ja ne, sau uku ana yi masa fentin mai, ja a kan ja, don a ganinsa duk wani launi na talaka ne. Bangon baya ya kumbura, fentin ya naɗe kamar busasshen ganye. Ya ce zai yi baƙi, dillalai daga kudu, yana son gidan ya koma sabo cikin mako ɗaya. Na duba bangon, na san kankara kaɗai za ta ci kwana goma. Amma wanda ya yi wata biyu a zaune ba ya cewa ba zai yiwu ba.

A hanyar komawa gida na ga direbobi a bakin kanal suna wanke babbar mota da injin ban ruwa, ɗaya ya danne bakin tiyo da hannu ruwan na fita da ƙarfi yana ɓamɓare taɓo. Nan take dabara ta faɗo mini. Na je wajen maƙeri ya buga mini bakin wani guntun bututun ƙarfe ya baje, na ɗaure shi a tiyo da robar tayar keke. Alhaji ya ba ni aron injinsa na ban ruwa, ƙaramin kanal kuma bai da nisa da gidan. Har hankali na yi, ku ji da kyau: na ja ƙaramar kwata da fartanya don ruwan ya bi ta gabas, kada ya gangara kan daɓen Iya. Na kuma je na same ta tana yanka tumatir a inuwa, na gaya mata.

Ta ce, "Ruwa kaɗai za ka zubar, ɗan nan?"

Na ce, "Ruwa kaɗai, Iya. Ko ɗigo ba zai zo miki ba."

Ta ce, "To, Allah ya taimaka."

Buhunan shimfiɗa kuwa na bar su a gida. Na ce me buhu zai yi a cikin ruwa in ban da jiƙewa?

Da aka tayar da inji, tiyon ya fizge ya mare ni a kunne, na faɗi zaune a taɓo, jama'a suka samu abin dariya. Na tashi na riƙe shi hannu biyu na saita bango. Wallahi abin ya yi kyau. Fentin shekara tara ya riƙa tashi falle-falle, siminti na fitowa fes. Mutane suka bar gonakinsu suka zo kallo. Wani tsoho ya ce, "Kai, boko ma ba ta kai wannan ba." Aikin kwana goma na gama shi kafin azahar. Ɓawon fentin ya zube a gindin bango, tsawon bangon gaba ɗaya, a jiƙe, ya manne da ƙasa. Na dube shi na ce jiƙaƙƙen abu ba ya sharuwa, gobe in ya bushe na tattara. Alhaji ya sa aka kira ni zaure aka kawo shinkafa da nama, na zauna ina ba da labarin yadda dabarar ta zo mini, kowane zagaye ina ƙara mata gishiri.

Bazara ce, ranar da za ta gasa ƙwai. Bayan la'asar gabas ta yi duhu, iska mai ƙarfi ta taso, irin wadda ke zuwa da alkawarin ruwa ta tafi ba ta cika ba. Ina zaure na ji ta, har na yi addu'a kada a yi ruwan ya hana bango bushewa. Addu'ata ta karɓu.

Washegari na zo da tsintsiyata, na tarar da gindin bango tas, kamar an lashe. Na tsaya ina murmushi ina cewa Allah ya yi wa wanda ya yi mini wannan shara albarka. Sai na ga ɓawo ɗaya can gaba, na ga wani gaba da shi, na bi su ɗaya bayan ɗaya har bakin daɓen Iya. Daɓen ba komai a kansa. Da ta ga hadari jiya, ta tattara shanyarta cikin sauri da tsintsiya da faifai, ta kai ɗaki ta juye a kan tarin kauɗar da ta yi tun farkon rani, ta cakuɗa don ta sha iska.

Duk wanda ya san busasshen tumatir ya san ja ne mai duhu, a naɗe, gefensa a tanƙware. Haka ɓawon fentin Alhaji yake. Ko ni mai sana'ar, in an ɗora mini su a tafin hannu sai na ƙura ido.

Babu wanda ya sani sai ni. Ba zan yi muku ƙarya ba, na koma na haɗa fenti na shafe rabin bango a safiyar nan, ina gaya wa kaina ɗan kaɗan ne, miya kuma tafasa take. Amma duk jan da na shafa sai in ga kajin Malam Habu na juyi. Da hantsi na ajiye buroshi na hau keke sai Bunkure. Na same shi a ƙofar gida, lokacin ƙafa ta hana shi hawa tsani. Na zayyana masa komai, na ƙare da cewa, "Malam, ai ɗan kaɗan ba ya komai, ko?"

Ya dube ni ya ce, "Tambaya ka zo yi, ko abokin shiru ka zo nema?" Ya sa hularsa ya ce in ɗauke shi a bayan keke.

Da muka isa na gaya wa Iya abin da ya faru, ta ɗebo kauɗa a faifai ta kawo mana tsakar gida. Malam Habu ya tona da yatsa, ya ɗauki ɗaya ya lanƙwasa, ta lanƙwasu. Ya ɗauki wata ya lanƙwasa, ta ce ƙas, ta rabu uku. Ya ce, "Kin gani, Tabawa. Kauɗa lanƙwashewa take, fenti karyewa yake." Iya ta ɗago ta dube ni. Da ta zage ni da na ji sauƙi. Abin da ta ce kawai shi ne, "Ado, ka ce ruwa kaɗai."

Kwana goma sha tara na yi ina tsintar fenti a cikin kauɗa. A makon farko da safe in shafa bangon Alhaji, daga hantsi in zauna a tsakar gidan Iya da faifai biyu, ina lanƙwasa busasshen tumatir ɗaya bayan ɗaya, ita ma tana yi. Mutumin da ya ƙi kankarar kwana goma ke nan. Da Hausawa suka ce sauri ya haifi nawa, ni suka hango. Abin takaicin, duk ɓawon da ka taɓa sai ya ƙara farfashewa, ƙananan su shige cikin lungun tumatir.

Alhaji da ya ji labari bai ga laifina ba ko kaɗan. Ya ce, "Iska ce ta yi, kai ka aiko ta?" Ya leƙo da kansa ya ce wa Iya kada ta damu, baƙinsa za su saye duka su wuce da ita kudu, in an niƙa wa zai gani, ja ne ya haɗu da ja. Iya ta ce ta gode, za ta yi shawara. Ni kuwa na ji daɗin maganarsa ƙwarai, wannan ma ina faɗa muku ne don ku san irin mutumin da ke ba ku labari.

Ranar ta goma sha tara na miƙe na ce, "Iya, an gama. Ko ƙwaya babu." Ta shimfiɗa farin mayafinta, ta zuba kauɗar a rariya ta girgiza. Jan gari ya zubo a kan mayafin, laushi kamar kwalli. Ta ce, "Wannan na tumatir ne ko na Alhaji?" Na duba, na murza, na shinshina, na kasa bambancewa. Ta ce in dawo gobe da rana.

Da na dawo na tarar ta yi tuwon shinkafa da miyar kauɗa, ja wur, mai na yawo a kai, ƙanshi har waje. Ta ajiye a gabana ta ce, "Daga wadda muka tsince ce. Bismillah." Na wanke hannu, na yanko loma, na dangwala. Hannuna ya zo daidai haɓa ya tsaya. Na yi na yi da shi, ya ƙi. Iya na zaune a kan turmi tana kallona. Can na mayar da lomar cikin kwano.

Ta janye kwanon ta ce, "To, 'ya'yan mutane ma irin bakinka gare su. Ɗauko fartanyarka."

Kwana biyu na yi ina haƙa, nesa da rijiya, nesa da kanal, yadda aka koya mini. A duk rayuwata ta aiki ban taɓa haƙa ramin fenti mai girmansa ba. Muka riƙa jido kauɗar a kwando muna juyewa, aikin rani guda, na rufe na tattake. Ranar na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba, kuma har yau ba ta gama sakina ba.

Da ruwa ya sauka Hajiyar birni ta zo da motarta. Iya ta gaya mata gaskiya ba ragi. Hajiya ta jajanta, ta yaba, ta je ta saya a wajen wasu a Kadawa, don mai abinci ba ya rufe tukunya ya jira baɗi. Baɗin kuma can ta sake komawa, ta riga ta saba. Na kai wa Iya abin da na samu a aikin Alhaji, ta karɓa, ya kai ta inda ya kai ta. Daga shekarar nan ta koma zama a kasuwar Bunkure tana auna kauɗa a gwangwani a cikin jerin mata, masu saye na tonawa suna shinshinawa suna cewa akwai yashi.

Ni kuwa sai tauraruwata ta haska. Baƙin Alhaji suka yaba gida, labari ya bazu, na zama Ado Mai Inji. Daga Kura a kira ni, daga Kadawa a kira ni. Babu wanda ya taɓa tambayata inda tsohon fentin yake tafiya.

Malam Habu ne ya gyara mini dabarar, kuma da abin da na raina ya gyara ta. Ya ce, "Kai da hankalinka, buhun algarara ai rariya ne. Ruwa ya wuce, ɓawo ya tsaya." To ga aikin, ku riƙe. Ka shimfiɗa buhu a gindin bango ka danne da dutse. Ka ja kwata, ka tare bakinta da wani buhun ninki biyu. Ka duba abin da ke bayanka da inda iska ke kaɗawa, shanya ce, rijiya ce, kaji ne. Ka wanke bango kaɗan-kaɗan, ka kashe inji, ka naɗe buhun tun ɓawon na jiƙe, don da ya bushe ya yi fiffike. Ka binne a ranar. Duk wanda ya kira ka cin shinkafa, ka ce sai ka gama.

Ana gobe zan fara aiki na biyu da inji, Iya ta aiko in zo. Na same ta a ɗakin ajiyar, an share shi, sai amsa-kuwwa yake. A kusurwa akwai buhunan algarara a ninke, an ɗaure su da igiya, waɗanda ta saya tun farkon rani don Hajiyar birni.

Ta ce, "Na ji an ce gobe za ka wanke gidan wani."

Na ce, "Haka ne, Iya."

Ta ce, "Ɗauki waɗannan. Ni ba ni da abin zubawa a ciki. Ka farke su ka shimfiɗa."

Na ɗora su a bayan keke na turo har gida, ban iya hawa ba. Da na kwance igiyar na kai ɗaya hancina. Sababbi ne fil, ko ƙanshin tumatir babu a jikinsu.